Godiya Ga Waɗanda Suka Riƙe Mini Gida

Cikin watan jiya ƴata ta buɗe tsohon akwatina na ƙarfe tana neman allura, sai hannunta ya faɗa kan wata lamba mai ɗan ƙyalle a saƙale. Ta ɗago ta, ta ce, "Baba, wannan fa?" Na ce ta aikin Mali ce, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba mu. Ta ce yaushe ke nan? Na ce shekarar da aka haife ki. Ta yi shiru tana jujjuya lambar, can sai ta ce, "To in ba ka nan, wa ya sayi ragon sunana?"

Na ba ta amsa, amma daren nan barci bai zo mini da wuri ba. Shekara goma ke nan da dawowata. An maƙala mini lamba, an ɗauke ni hoto, an yi mini barka da sauka, amma ban taɓa zama na dubi mutanen da suka riƙe mini gida na gode musu yadda ya kamata ba. Mu mutanen Sassumbrum akwai mu da kunya. Ɗa ba ya tsayawa gaban mahaifiyarsa yana lissafa mata alherinta, miji ba ya yabon matarsa a gaban jama'a. Kunyar nan ce ta daɗe tana riƙe mini baki. An ce yaba kyauta tukuici, to nawa tukuicin ya makara ƙwarai. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Kowa ya san kansa, kuma na san Inna ba za ta ji daɗi ba in aka karanta sunanta a bainar jama'a.

Ga wanda bai san yadda sojan Nijar ya tsinci kansa a Mali ba, a 2012 ne arewacin ƙasar ya faɗa hannun ƴan tawaye da masu iƙirarin jihadi, Gao da Tumbutu da Kidal duk suka kuɓuce wa Bamako. A watan Janairun 2013 Faransa ta shiga da sojojinta, ƙasashen Afirka suka bi, namu da na Chadi suka ƙetara ta ɓangaren Nijar. Ranar 25 ga Afrilun shekarar Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2100 wanda ya kafa rundunar MINUSMA, ta kama aiki ranar 1 ga Yuli. Rabon Nijar ya faɗo a yankin Gao, musamman Ansongo da Menaka. Ni kuma layi ya zo kaina a 2014, ana sharar gona, idon kowa na gabas ana jiran hadari.

An ba ni ƴan kwanaki in zo in yi sallama. Wani tsohon soja daga ƙauyen da ke kusa da mu, cikin waɗanda aka tura Saudiyya a 1990 zamanin Janar Ali Saibu, aikin da aka yi wa laƙabi da Zumunci, ya tako ƙafa har gidanmu don kawai ya gaya mini magana ɗaya. Ya ce, "Yaro, ba harsashi kaɗai ke cin soja a waje ba, tunanin gida ma yana ci. In gida ya kwanta, kai ma za ka kwanta." Daren ƙarshe kuma Baba ya kira ni zaure. Shi ba mai doguwar magana ba ne. Ya ce, "Ka riƙe salla, ka riƙe amana, kada ka ɗaga hannu kan wanda bai ɗaga maka ba. Gida kuwa ka bar mana." Na ce to, Baba. A lokacin na ɗauka irin maganar da kowane uba ke yi wa matafiyi ce. Na bar mai ɗakina da ƙaramin ciki, da ɗanmu ɗan shekara huɗu, da gonar da ban kai ga shukawa ba.

Mutane suna zaton soja a bakin aiki kullum cikin harbi yake. Mafi yawan kwanakinmu a Ansongo jira ne. A tashi kafin asuba, a yi salla, a jeru a ƙirga mu, sannan a raba aiki: wasu gadi a bayan buhunan yashi, wasu sintiri cikin gari da kasuwa, wasu rakiyar motocin abinci da na mai. Rakiyar nan ita ce mai wuya. Tafiyar da direban kasuwa zai yi cikin rabin yini, mu sai mu wuni muna rarrafe, don duk inda ƙasa ta nuna alamar an taɓa ta, sai an tsaya an duba ko nakiya aka binne. Ga sulke a ƙirji, ga hular kwano a ka, ga zafin da in bazara ta kama yakan haura digiri 45. Ruwan gorar da ka rataya da safe, kafin azahar ya zama kamar na wankan jego. In guguwar yashi ta taso kuwa, rana tsaka sai gari ya yi ja ya yi duhu, yashi ya shiga kwanon abinci, ya shiga shimfiɗa, ya shiga tsakanin haƙora. Ka share bindiga da safe, da yamma ka sake sharewa.

Da dare, in ba ka kan gadi, sai shayi, sai dara a kan yashi, sai rediyo. Abokanmu Zabarmawa sun fi mu sakewa da mutanen gari, don harshensu da na mutanen Gao ƴan gida ɗaya ne, haka abokanmu Buzaye da makiyayan daji. Mu Hausawa sai mun shiga kasuwa muke samun mai amsa mana "sannu". Wani abu da ya tsaya mini a rai shi ne, gaɓar kogin Isa da Ansongo ke kai, mutanen wurin Hausa suke ce mata, ta ƙetare kuma Gurma. Ranar da na fara jin haka na ji wani sanyi a zuciya, kamar an kira sunan gida. Sau biyu na je Gao. Na ga kabarin Askiya Muhammadu, ginin ƙasa mai itatuwa a jiki da ke tsaye tun 1495, na ga sojojin Holan da na Sin da na Bangaladash da na Senegal. Ba ma jin yaren juna, amma in an zauna sai kowa ya fiddo hoton ƴaƴansa ya nuna.

Yunwa dai ba mu yi ba, gaskiya. Akwai shinkafa, akwai taliya, akwai kifin gwangwani da kajin da suka daɗe cikin ƙanƙara. Sai dai wanda ya tashi da furar gero da nonon Fulanin bayan gari, in ya yi wata biyu a kan wannan, bakinsa mutuwa yake yi. Kana ci ne don jiki ya tsaya.

Inna, daga nan godiyarki ta fara. A wata na uku ƙullinki ya iske ni, cikin buhun da aka ɗinke da zare da basilla. Ƙuli-ƙuli, yaji dakan hannunki, busasshen zogale, kuka, daddawa, da kantun ridi a naɗe cikin wani tsohon ɗankwali da na sani tun ina yaro. Na zauna ina lissafa hanyar da ya biyo. Ƙanena ya ɗauko shi a babur zuwa Magarya, wani direba ya kai shi Damagaram, motar dogon zango ta ɗauke shi kusan kilomita 900 zuwa Yamai, wani ɗan uwanmu ya ajiye shi a ɗakinsa har aka sami sojan da ya gama hutu zai koma, sannan Tillaberi, Ayoru, Labbezanga, Ansongo. Hannu biyar ya ratsa. Ba wanda ya kwance ɗinkin, ba wanda ya karɓi ko dala. Daren nan muka kwaɗa zogale da ƙuli, mu goma sha ɗaya a kan kwano guda. Wani abokina mutumin Matamaye da ƙamshin daddawar ya buge shi, sai ya kau da kai yana goge ido da hannun riga, ba wanda ya ce masa uffan. Daga baya na ji cewa ke da kanki kika tsinki zogalen nan, kika shanya shi a inuwa don kada ya ƙone, kina fama da ciwon gwiwar da ko masallacin idi ba ya barin ki zuwa. Sau huɗu kika aiko a shekarar. Ɗankwalin yana nan cikin akwati tare da lambar.

Sai maganar waya. A 2014 salula mai hoto ba ta yawaita a garinmu ba, kira daga Mali kuma yana cin kuɗi, rezo ma sai an yi sa'a. Muka tsayar da rana: kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tun Alhamis ƙanena zai kai wayar wurin mai caji, ranar Juma'a kuma duk gida a taru gindin gawon bayan gida, don nan ne murya ta fi fita. Baba ne farko. "Lafiya lau. Kowa lafiya. An yi ruwa shekaranjiya. Gero ya fara bununi." Sai Inna, ita addu'a kawai take yi har sai an karɓe wayar. Sai Yaya. Can ƙarshe a miƙa wa mai ɗakina, a gaban surukanta, ta ce, "Maigida, ina gajiya? Lafiya lau muke," shi ke nan kunya ta rufe mata baki. Ƙanwata ce ta lura. Daga Juma'a ta uku, in layi ya zo kan matar wanta, sai ta karɓi wayar ta ja ta gefe, wai akwai saƙon mata da za a faɗa, ta tsaya nesa tana gadi har mu gama. Ƙanwata, wannan dabarar taki ta riƙe ni fiye da yadda kike tsammani. Allah ya ba ki masu yi miki.

Kullum amsarsu lafiya lau. Ni ma kullum abin da nake ce musu shi ne, ai ni gadin ƙofa kawai nake yi, ba na fita ko'ina.

Ranar 3 ga Oktoban 2014, ana shirin Babbar Sallah, wasu mahara a kan babura suka yi wa ayarinmu kwanton ɓauna tsakanin Menaka da Ansongo. Sojojin Nijar tara suka rasu. Har zuwa ranar ba a taɓa yi wa rundunar irin wannan ɓarna a hari guda ba. Ba na cikin ayarin, ina cikin waɗanda aka tura daga baya. Abin da idona ya gani ba na takarda ba ne. Mutane ne da muka sha shayi ɗaya, muka tsaya sahu ɗaya. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta, ya raya abin da suka bari.

Ranar kuwa Juma'a ce. A dajin da muke babu rezo ko ɗigo. Can gida an taru gindin gawo kamar kullum, an zauna har la'asar, waya ba ta yi ƙara ba. Da yamma gidajen rediyo suka faɗi labari: sojojin Nijar tara, a yankin Ansongo. Ba suna.

Abin da ya faru a gidanmu daren nan, sai bayan na dawo na tattaro shi daga bakin wannan da wancan. Baba yana zaure da rediyo a kunne. Ya ji, ya kashe, ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci, bai ce wa kowa komai ba. Gwaggo ta shigo cikin gida ta zare batiran rediyon mata ta ƙulle a bakin zane, ta ja kunnen kowa: duk wadda hawaye ya zo mata ta fita waje, akwai mai ciki wata bakwai a gidan nan. Yaya ya hau babur cikin dare, ya bi hanyar yashin nan zuwa Magarya, yana tambayar duk mai kaki ko ya ji sunaye, ya dawo hannu rabbana. Liman da maƙwabta suka cika zaure, suka kwana suna karatu. Inna kuwa ta ɗauki kujera ta zauna kusa da ragon layya, tana ba shi harawa ɗaya-ɗaya, ba ta yi magana da kowa ba har asuba.

Duk sun ɗauka mai ɗakina ba ta sani ba. Ashe ta ji, tun da magariba, daga rediyon maƙwabta ta bayan danga. Ta ga yadda kowa ke kaffa-kaffa da ita, sai ta ce a ranta in ta nuna ta sani, ta ƙara musu wani nauyi a kan wanda suke ɗauke da shi. Ta ɗaura zane, ta dama wa masu karatu fura, ta kwantar da yaro, ta shiga ɗaki ta rufe, ta cusa bakin zane a baki don kada a ji. Ba ita ta gaya mini ba. Ƙanwata ce, wadda ta kwana a bakin ƙofarta.

Sai da asubahin Asabar na sami rezo na kira gida. Yaya ya ɗauka. Na yi sallama, bai amsa ba, sai na ji ya ce "Allahu akbar," sai ƙarar gudu, sai hayaniya. Can na ji muryar Inna. Ta ce, "Kai ne?" Na ce, "Ni ne, Inna." Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ka ci abinci?"

Ba na tuna wannan safiya ba tare da na tuna cewa a gidaje tara wani labarin daban ya shiga ba. Ban fi su da komai ba. Kwana ne bai ƙare ba.

Cikin sanyin Disamba aka haifi yarinyar. Ga amsar tambayarki, ƴata: baffanki ne ya sayi ragon, da kuɗin gyaɗarsa, ya ce uban ƴa ba ya nan amma ƴa ba ta rasa uba ba. Kakanki ya tambaye ni sunan da nake so, ya yi miki huɗuba. Gwaggonki kuma ta ɗora waya a kunnenki, na yi miki kiran salla daga bayan buhunan yashi, muryata tana rawa. Surukata ta bar gidanta ta zo ta zauna kwana arba'in tana dafa ruwan wanka da kunun kanwa. Itacen da aka ƙona a kwanakin nan samarin unguwa ne suka riƙa kawowa a amalanke, ba wanda ya aike su. Inna ta wajen mai ɗakina, ban taɓa iya ɗaga ido na dube ki ba, balle in faɗa miki wannan da baki. Na gode. Allah ya saka miki da gidan Aljanna.

A watan Fabrairun 2015, da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, sai abin ya juya. Ni ne yanzu da rediyo a kunne. Diffa da nisa daga wajenmu, amma mu mutanen bakin iyaka ne, ƴan uwanmu kullum suna kan hanyar kasuwannin Nijeriya, wajen Daura da Babura. Duk labarin da aka faɗa sai gabana ya faɗi. A makonnin nan na ɗan ɗanɗana abin da suke sha tun ranar da na tafi, na kuma gane cewa nawa ya fi sauƙi. Ni ina da bindiga a hannu, ina da abokai a gefe, na san lokacin da nake cikin haɗari da lokacin da nake kwance lafiya. Su kuwa ba su da wannan sanin. A wurinsu kowace sa'a ina kan nakiya.

Na dawo da daminar 2015. Tun daga ƙofar gida idona ya fara karanta abin da aka ɓoye mini. Bangon ɗakina na gabas launinsa daban, sabon gini ne. Turken bijimin amalanke babu komai. Baba ya fito tarona da sanda a hannu, rigarsa ta yi masa yawa. Ɗana ya ɓuya bayan uwarsa yana leƙena kamar baƙo. Bayan kwana biyu Yaya ya kira ni gefe, ya miƙo mini wani ɗan littafin ƴan makaranta, an cika shi da rubutun ajami. Duk jakar da na aiko, da ranar da ya je Magarya ya karɓa, da abin da aka kashe wa iyalina, sabulu ne, magani ne, kayan jariri ne, yana ciki. Sauran kuɗin kuma ya ɗauko su a ƙulle ya ajiye a gabana.

Sannan ya gaya mini. A watan Agustan 2014 ruwa ya kayar da bangon ɗakina cikin dare, Allah ya kiyaye ba kowa a gefen. A watan ne kuma ciwo ya kwantar da Baba, har aka kai shi asibiti a Damagaram ya yi mako biyu. Juma'a biyun da na yi magana da shi yana ce mini lafiya lau, aka ce mini mata suna gona, ashe a gadon asibiti yake. Bijimin aka sayar aka biya magani.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, kuɗin nan na wane ne in ba na Baba ba? Me ya sa za a sayar da sa ga kuɗi a ajiye?" Ya bari na gama, sannan ya ce, "Baba ne ya hana. Ya ce kuɗin da mutum ya sa ransa ya samo, ba a taɓa su sai yana tsaye. Ya kuma ce wanda ke taka hanyar nakiya ba a ba shi abin tunani." Sai na yi shiru. Ashe tun farko sun san ba gadin ƙofa nake yi ba. Sun bar ni da maganata ne don hankalina ya kwanta cewa nasu a kwance yake.

Har yau ina ganin da sun taɓa kuɗin, don ba abin da na tafi nema da ya kai lafiyar Baba. Mun sha yin wannan gardama da Yaya. Amma shirun da suka yi, na yarda shi ne daidai. Na ga abin da mummunan labari daga gida ke yi wa soja. Na ga wanda aka gaya wa ɗansa ba lafiya, ya wuni a bakin gadi idonsa a buɗe amma ba ya ganin komai. A wurin da kuskuren taku ɗaya ke ɗauke mota da mutanenta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Baba bai taɓa sa kaki ba, amma ya san haka. Ya riga mu gidan gaskiya yanzu. Ban gode masa da baki ba, don da na fara sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ai na ce ka bar mana." Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Yaya, na mayar da bijimi a turke, amma tafiyar daren nan zuwa Magarya da littafin nan na ajami ba ni da abin biyansu. Allah ya biya ka.

Gonata ba ta kwana ba. Maƙwabta suka yi mata gayya, noman fari da maimai, suka girbe, suka ɗaure, suka zuba dami arba'in da biyu a rumbu. Su ne kuma suka kwaɓa ƙasa suka tayar da bangon ɗakin kafin ruwa na gaba. Mai cajin waya bai taɓa karɓar kuɗin Alhamis ba, ya ce wayar soja ce. Malamin makarantar allo ya riƙa biyowa da kansa yana ɗaukar ɗana. Direban da ya riƙa kai ƙullin Inna Damagaram, da ɗan uwanmu na Yamai, da liman da duk wanda ya kwana a zaurenmu daren nan, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Haka wata tsohuwa a kasuwar Ansongo da ke ajiye mana nono mai kyau tana ce mana ƴaƴanta, da abokan tantina da suka karɓar mini gadi ranar suna don in sami zama da waya.

Ke kuma, uwar ƴaƴana, na bar ki ƙarshe don naki ya fi yi mini nauyin faɗa. Shekara guda kika yi a gidan surukai ba miji, da ciki, da goyo, da yaro mai tambayar ina Baba kullum dare. Ban taɓa jin an ce kin ɗaga murya ga kowa ba. Kin kwana a ɗakin Inna bayan faɗuwar bango, kin yi jinyar Baba da ya dawo daga asibiti kamar mahaifinki, kin riƙa nuna wa yaro hotona don kada ya manta fuskata. Duk Juma'a kina da abin da za ki faɗa mini wanda zai hana ni barci, ba ki faɗa ba ko sau ɗaya. Da na tambaye ki daga baya yadda kika iya, cewa kika yi, "Maigida, kai ma ai ba ka faɗa mini naka ba." Lambar da ke cikin akwatin nan sunana aka kira aka ba ni, amma na san wadda ta fi ni cancanta. Na faɗa yau a gaban kowa, kunya ta yi haƙuri. Na gode. Allah ya yi miki albarka, ya sa ƴaƴan nan su yi miki fiye da abin da kika yi mini.

Rundunar da muka yi wa aiki ta naɗe tabarmarta. A watan Yunin 2023 hukumomin Mali suka nemi ta fice, Kwamitin Sulhu ya amince da ƙuduri mai lamba 2690, aka rufe ta ranar 31 ga Disambar shekarar, bayan ma'aikatanta sama da 300 sun rasa rayukansu cikin shekara goma. Zaman lafiyar da aka tura mu nema bai samu yadda aka so ba, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Abin da zan iya shaida shi ne, akwai ranakun da kasuwa ta ci, mata suka je suka dawo, saboda muna tsaye a bakin hanya.

Yau ƙannenmu da ƴaƴanmu ne ke bakin daga, a Diffa, a Tillaberi, a Tawa. Daga Sassumbrum zuwa Magarya zuwa Dungas, da wuya ka sami unguwar da ba ta da gida mai jiran kiran waya. Mai karatu, in akwai irin wannan gida kusa da kai, kada ka jira sai an ji labari a rediyo. Ka yi sallama, ka tambayi tsohuwa gwiwarta, ka duba ko an nome gonar, ka ga ko yara na zuwa makaranta. In kuma gidan da mai shi ya tafi bai dawo ba ne, to ka je yau, ka kuma koma bayan an watse daga zaman makoki.